Dalma a Rigar Ƙanena

Ranar da kawu ya kira ni ya ce in ajiye almakashi in same shi a masaukinsa na titin Liuhua Lu, na ɗauka maganar yadi ce. Ƙanin mahaifiyarmu ne. Shi ya kawo ni Guangzhou, a ƙasar Sin, shi ya sama mini ɗan ɗakin da nake ɗinki a bayan kasuwar Shahe, inda nake gyara wa mutanenmu samfurin jallabiya da abaya kafin su kai wa masu masana'anta. Shekara da shekaru tufafi ne sana'arsa, don haka in ya kira ni ban taɓa tambayar dalili ba.

Amma a 'yan shekarun nan kawu ya saki tufafi ya kama zinare. Can gida akwai tsofaffin ramukan haƙa da ruwa ya cike, masu su suka haƙura suka tafi. Kawu ya gano cewa a ƙarƙashin ruwan akwai sauran yashi mai ɗan albarka, sai ya tara maza suna nutsawa suna ciko buhu, na sama suna ja da igiya. Cikin masu nutson har da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai mata da 'ya'ya, wanda gona ta gaza riƙewa. Da tiyo suke shiga, irin na mai faci, inji yana sama yana tura musu iska mai warin baƙin mai. Duk wayar da zan yi da Innarmu, daga gaisuwa sai maganar wannan tiyo. Shi ya sa da na je kawu ya ce kayan nutso na gaske ya zo saya, da tukunyar iska da komai, har cikin raina na sa masa albarka.

Ran Juma'a ce. Na sa farin yadina, na fesa turare, da niyyar in mun gama mu wuce Masallacin Huaisheng tare. Shagon kayan nutson da kawu ya kai ni yana wani lungu bayan manyan kantunan sari, sai an sauka matakala. Tun a matakalar wari ya tarbe ni. Na san warin gwanjo, a cikinsa na girma, amma wannan daban ne: roba da ta jiƙe ba ta bushe ba, da ƙarnin kifi, da wani abu kuma da hancina ya gane amma zuciyata ta ƙi yarda. Rigunan nutso ne baƙaƙe a rataye jere, wasu sun yi furfurar gishiri a hammata. Ashe kawu gwanjo ya zo saya, kayan da makarantun koyon nutso na bakin teku suka gama yayinsu suka zubar.

Mai shagon wata 'yar dattijuwa ce mai gajeren gashi, sigari a bakinta. Na ce mata nihau, sannunsu ke nan, na fito da wayata mai fassara na tambaye ta wannan wane irin wari ne. Ta yi dariya har da tari, ta yi magana a wayar. Wayar ta ce mini ruwan teku da sanyi, cire rigar kuma aiki ne, don haka masu nutso a ciki suke sakin fitsarinsu. Na karanta, na sake karantawa. Na dubi rigunan nan na tuna kowace ɗaya mutum nawa suka shiga cikinta.

Na gaya wa kawu. Ya ce, "To? Ruwa za su shiga da ita, ba masallaci ba."

Sai ya zaro ɗaya ya miƙo mini. "Jikinku ɗaya da ƙanenka. Sa mu gani."

Na ce, "Kawu, yau Juma'a."

"Na fi ka sanin yau Juma'a. Sa."

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na tuɓe farin yadina a bayan wani labule mai maiƙo, na ninke shi na ɗora a kan kwali, na cusa jikina cikin rigar. Cikinta da danshi da santsi. Tana manne wa fata tana tsotsa, kuma duk motsin da na yi sai warin ya huro ta wuya ya doki fuskata. Sannan aka ɗora mini wata falmaran mai soso a kafaɗa da baya, wadda ake ɗaura tukunyar iska a jikinta. Na ƙarshe shi ne abin da ake cizawa a baki a ja numfashi. Na duba shi da kyau: haƙoran wani sun riga sun tauna shi, har gefe ɗaya ya gutsure. Matar ta ɗauraye shi a wani bokiti da ban ga alamar an taɓa sauya ruwansa ba, ta tura mini a baki kamar mai ba jariri ɗura.

A bayan shagon akwai wani kwarmin siminti da suka cika da ruwa don gwaji, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu. Ruwan kore ne, da guntayen sigari da mataccen kyankyaso suna yawo a kai. Ninƙayata ba ta wuce ta kududdufin unguwa ba, amma na yi bismillah na shiga.

Na ƙi nutsewa. Na tura kai ƙasa, ɗuwawu ya taso. Na harba ƙafa, na dawo sama ina juyi kamar gora. Matar ta yi bayani ta waya: rigar ta ruwan sanyi ce, robarta mai kauri ce cike da ƙananan ƙofofin iska, ga soson falmaran, ga ita kanta falmaran ɗin tana ɓoye iska a lungunanta. Duk waɗannan sama suke jan mutum.

Kawu ya tsaya a bakin kwarmin, ya tattare babbar rigarsa kada ta taɓa ƙasa. Ya ce, "Abin da na ji tsoro ke nan. Kayan nan ba sa son ƙasa. Mutumin da zai cika buhu da hannu biyu, da me zai riƙe kansa a ƙasa?"

A nan dai gaskiyarsa ce, ban musa ba. Matar ma ta gane matsalar. Ta fito da ni, ta ɗauko reza ta farke bayan falmaran ɗin ta zaro soson, ta zaro na kafaɗu, ta matse sauran iskar. Ta nuna wa kawu wasu riguna marasa kauri, ta ce tunda ƙasarmu da zafi su ne daidai. Ni da nake tela na yaba da hannunta, aiki ne mai hankali. Daga nan ta kawo bel mai ɗauke da dunƙulen dalma, ta ɗaura mini a ƙugu. Ta kama hannuna ta ɗora a kan maɓallinsa, ta sa na fizga. Bel ɗin ya sulluɓe ya faɗi, saura kaɗan ya farfasa mini yatsu. Ta sake ɗaura mini, ta sake sa ni fizga. Wayar ta ce: in iska ta ɗauke, ka saki wannan, rigar za ta kai ka sama.

Wannan karon na nutse. Na sauka a hankali har ƙafata ta taɓa wani abu mai laushi a ƙasa da ban so in san ko mene ne ba. Haske ya zama kore, sannan ya dushe. Iskar tukunyar tana da ɗanɗanon tsohuwar taya. Na ja na farko, na ja na biyu, ina cewa ashe abin ba wuya. Sai gutsurarren abin bakin nan ya goce, na ja numfashi, ruwan kwarmin ya cika mini maƙogwaro. Ban tuna waya ba, ban tuna bayani ba, ko kalmar shahada ban tuna ba, Allah Ya yafe mini. Hannuna ne kawai ya tuna. Ya daki cikina ya fizga, na ji nauyi ya bar ni, rigar ta ɗauke ni sama. Na kama bakin simintin na yi ta amai, koren ruwa da shayin safe.

Da na ɗago ido, kawu ba ni yake kallo ba. Ruwan yake leƙawa.

Ya ce, "Ina bel ɗin?"

Na nuna ƙasa.

"Ka gani ko? Kai da ka shiga sau ɗaya ka yar da shi. Nan siminti ne, za a ɗauko. Can laka ce, abin da ya faɗa ya tafi ke nan. Kowa ya ji ɗan tsoro ya saki dalmata ya taso, gobe in sake zuwa Sin in sayo? Wasu ma da gangan za su ce ta faɗi, su kai wa masunta su narka su sa a komarsu ta kamun kifi. Na san mutanena." Ya juya wurin matar, ya kira ta yadda ake kiran mai shago a nan, "Lauban, a cire wannan maɓalli. A ɗinke dalmar a jikin falmaran."

Na fassara mata. Ta cire sigarin daga bakinta ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Meyo." Kalmar da suke faɗa ke nan in babu kaya, amma yadda ta faɗe ta, ba kayan ne babu ba. Kawu ya maimaita, ta girgiza kai ta koma cikin shago. Kayan dai ta sayar masa, ta haɗa da belolinsu da maɓallansu lafiya lau.

Muna hawa matakala kawu ya ce, "Ka ga amfanin tela a gida. Kai za ka ɗinka."

Shi ya wuce masallaci da farar rigarsa tsaf, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Ni na koma ɗaki da yadina a leda, na yi ta wanka har sabulu ya zama ɗan ƙanƙani, ina goge harshe da burushi. Juma'a ta wuce ni ina banɗaki.

Washegari aka jibge mini kayan a ɗaki. Na zauna ina kallonsu, raina a ɓace. In ce ba zan yi ba? Telolin garin nan ba sa ƙirguwa, kafin la'asar wani zai ɗinke masa su da zaren takalmi, ɗinkin da sai dai a binne mutum da shi. Kuma ɗaya daga cikin falmarorin nan ƙanena ne zai sa. Ni na san abin da hannu yake nema a ƙasan ruwa in numfashi ya ƙare, na kuma san yadda zai kasance in ya nema bai samu ba. Iya ruwa fidda kai, kawu kuwa fitar ce yake so a ɗinke.

Dabarar ta zo mini ne a wurin wani mutumin Maraɗi da ke haɗa wa 'yan kasuwa kaya a sito kafin a loda su a kwantena. Na same shi yana rufe bakin buhuna da ɗan injin nan na hannu. Duk wanda ya taɓa buɗe buhun shinkafa ko na sukari ya san wannan ɗinki: ka ɗaga buhun ka jefar ba zai buɗe ba, amma in ka kama bakin zaren ta inda ya dace ka ja, sai ya warware tsaf har ƙarshe. Na roƙe shi aron injin.

Ya ce da ɗan Faransancin mutanen Nijar, "Bon, tela, kai da ke da keke na gaske, mi za ka yi da na buhu?"

Na gaya masa. Ya ce, "Ɗauka. Allah shi kiyaye."

Na yanka tamfol na yi aljihuna biyu a gaban kowace falmaran, bakinsu yana kallon ƙasa. Gefuna na ɗinke su da kekena, ɗinki mai ƙarfi. Bakin kuwa, bayan na cusa dalmar, na rufe shi da ɗinkin buhu, na bar jelar zaren da ɗan tsawo na ƙulla mata jan ƙyalle, inda hannu zai faɗa a kai ko a cikin duhu. Na sa ɗaya na yi tsalle, na yi ruku'u, na kwanta na birgima, dalma ba ta motsa ba. Na ja ƙyallen, ta faɗo ta fasa tayil, maƙwabcina na ƙasa ya yi ta dukan silin da sanda yana zagi da yarensa. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Aikin ya ci ni kwanaki. Hannuwana suka yi toka-toka da dalma, in zan ci abinci sai na wanke su har su yi zafi. Ɗakin ya ɗauki warin nan, ya shiga katifa, ya shiga dardumar salla, ya shiga kayan mutane. Wata Hajiya ta zo karɓar samfurin abayarta, ta shinshina ta dube ni ta ce, "Malam tela, yaro ne da kai a ɗakin nan?" Na ba ta haƙuri, ban yi bayani ba. Duk da haka zuciyata a sake take. Na ce in kayan sun isa zan kira ƙanena in gaya masa sirrin jan ƙyalle, shi kuma ya gaya wa sauran.

Ranar lodi muka haɗu a siton mutumin Maraɗi. Kawu ya ɗaga falmaran ɗaya ya girgiza, ya ja aljihun, ya ce, "Madalla. Wannan shi ne aiki." Aka kira ni waje in nuna wa direban kwantena inda zai tsaya, daga nan na tsaya na yi azahar. Da na dawo na ji ƙauri tun daga ƙofa.

Na manta wane ne kawu. Mutum ne da ya tsufa a cikin tufafi. A aljihunsa kullum akwai ɗan almakashi da laita, kuma duk tsohon ɗan kasuwar tufafi haka yake: ba ya iya ganin zare yana reto a jikin kaya. Zai datse shi, ya kunna laita ya ƙona bakin har ya narke ya dunƙule, ya danne da babban yatsa. Hannunsa yana yi ne ko yana hira. Na same shi zaune a kan kwali, falmaran a cinya, jajayen ƙyallaye zube a gaban takalminsa. Ya gama fiye da rabi. Kowane bakin zare ya zama ɗan baƙin ƙulli mai tauri, wanda ko da haƙori ba za ka warware ba.

Ya ce, "Ɗinkinka ya yi kyau, amma ka bar jela ko'ina. Kaya ba ya fita daga hannuna da jela."

Da na yi shiru, da har yau ina iya cewa bai sani ba. Amma na buɗe baki. Na durƙusa a gabansa na ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda bai taɓa ba, na ja ƙyallen, dalma ta faɗo. Na ce, "Kawu, ba kuskure ba ne. Hanyar fita ce. Ba mai ja sai wanda ya ga mutuwa. Ɗan 'yar'uwarka yana cikinsu."

Ya dubi dalmar a ƙasa, ya dubi ƙyallen a hannuna. Ya daɗe yana kallo, har na fara sa rai. Sai ya ce, "To ai gara da na gani." Ya jawo ta gaba, ya datse, ya kunna laita.

Ban san muryata tana da wannan ƙarfin ba. Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa kawu, har Sinawan da ke lodi suka tsaya suna kallo. Mutumin Maraɗi ya riƙe ni ta baya yana cewa, "Kawunka na, tela, kawunka na." Shi kuwa gogan ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce ba a shan zuma sai an sha harbi, ya ce rai a hannun Allah yake, ba a hannun jan tsumma ba. Yana ambaton Allah yana danne narkakken zaren da yatsa. Ban taɓa ƙyamar warin rigunan nan kamar yadda na ƙyamaci wannan yatsan ba. Wadda na buɗe ma ya sa aka mayar da dalmarta, ya rufe da kansa. Aka zuba su a kwali, aka naɗe da salatif, aka tura cikin kwantena ina tsaye.

Da la'asar na kira ƙanena. Can safiya ce, ina jin ƙarar cokali a kwanon koko da muryar 'yarsa tana rigima. Na kwashe komai na gaya masa, tun daga kwarmin siminti har laita. Na ce in kayan sun iso ya farke aljihunan, ya koma bel mai maɓalli, ko aƙalla ya ɗaura reza a wuyan hannu.

Ya yi dariya, dariyar da yake yi mini tun muna yara in na fiye tsoro. Ya ce, "Yaya, a ƙasan can ko hannunka ba ka gani, ina kai ina neman ɗinki da reza? Kuma wa zai farka kayan kawu? Wanda ya taso ba buhu, gobe wani ake ba tiyonsa. Yanzu ma duwatsu muke ɗaurawa a ƙugu da igiya, ƙullin da ba ya kwancewa. Mu nauyin muke so."

Na ce, "In iska ta ɗauke fa?"

Ya ce, "Sai a ja igiya, in na sama ya lura." Sannan ya rage murya. "Kada dai ka gaya wa Inna. Ita ta ɗauka kayan Sin sun gama magana."

Ban gaya wa Inna ba. Da ta kira tana sa mini albarka, wai ta ji ni na gyara wa ɗan'uwana kayan aiki da hannuna, na ce amin. Na jefar da katifar, na sauya darduma, na koma kan jallabiya da abaya. Kawu bai sake kirana ba, ni ma ban neme shi ba.

Bayan wata da watanni, ina tsakiyar yanka wani yadi, saƙon murya ya shigo daga ƙanena. Gabana ya faɗi kafin in danna, kamar yadda yake faɗuwa duk lokacin da na ga lambar gida. Lafiyarsa ƙalau. Ina jin hayaniyar maza a bayansa da ƙarar ruwa, muryarsa cike da fara'a. Ya ce kaya sun iso, sun fara aiki da su, yanzu mutum yana sauka kai tsaye ya zauna daram a ƙasa har ya cika buhunsa. Ya ce, "Yaya, mutanen rami duk suna gaishe ka. Sun ce Allah Ya yi wa hannunka albarka. Jiya falmaran ɗin wani ta maƙale a ƙarfe, ya yi ta fizga da ƙyar aka jawo shi, amma wallahi ɗinkinka ko zare ɗaya bai saki ba."